Amsa ga ƙanwata mai kumburin ƙafa a wata na bakwai

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama, Allah ya raba lafiya. Kin ce cikin fari ne, wata bakwai, kina tsaye a shago a kasuwar Kejetia ta Kumasi tun safe har la'asar, kafin ki koma Aboabo ƙafafun sun yi suntum, dunduniya na zugi, uwar mijinki kuma ta ce ki rage shan ruwa ki riƙa gasa su da ruwan zafi. Haihuwata huɗu, duk a gaban tukunyar waakye (shinkafa da wake) da nake sayarwa na yi goyon cikinsu a nan Asawase, to bari in gaya miki abin da na gani.

Gobe in kin tashi sallar asuba, ki dubi ƙafar kafin ki taka ƙasa. In duka biyun ne suke kumbura tare, su cika da yamma, su saɓe kafin gari ya waye, wannan shi ne kumburin da yawancinmu muke yi. Ungozoma ce ta fahimtar da ni dalili a wajen awo: jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake, ga mahaifa ta yi nauyi tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Jijiyar ta ɓangaren dama take, shi ya sa kullum suke cewa a kwanta ta hagu. Ki ƙara da tsayuwar wuni da zafin Kumasi na watan biyu da na uku, ina ruwan zai tafi in ba ƙasa ba?

Batun rage ruwa, ki ba Mma haƙuri cikin ladabi, amma kar ki yi. Ruwan da kike sha ba shi ne yake taruwa a ƙafarki ba, ƙishirwa kuwa sai ta jawo miki ciwon kai da taurin bayan gida. Ledar fiya wata rabin lita ce, ni nakan sha biyar ko shida a wuni. Abin da na sassauta shi ne koobi da momoni, wato kifin nan mai gishiri, da yawan Maggi a miya. Ban daina cin gishiri ba, na dai daina wuce ƙima.

Ruwan zafi ma bai taɓa yi mini komai ba sai ƙarin nauyi. Ruwan randa mai sanyi a baho, minti goma sha biyar bayan magariba, sannan in kwanta ta hagu in ɗora ƙafafun kan filo biyu. 'Yata ta fari takan shafa mini man kaɗe daga yatsu zuwa gwiwa, a hankali, sama take turawa ba ƙasa ba. A shago ki nemi kujera da wani ɗan akwati na ɗora ƙafa. Tsayuwa wuri ɗaya ita ce muguwar, zama wuri ɗaya ƙanwarta ce, don haka duk bayan awa ki ɗan zaga layinku ki dawo. Ko a motar haya ta trotro kina iya juya idon sawu kina ɗaga yatsu, ba mai lura da ke.

Dunduniya kuwa, ki dubi takalminki. Silifas ɗin nan chalewate da muke ja ba shi da abin da zai tallafi tafin ƙafa, ga shi ciki yana sassauta gaɓoɓi har tafin ya baje. Ki sayi mai kaurin ƙasa da taushi, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafar ta cika. Ni lamba 39 nake sawa ina amarya, yau 40 nake sawa, ba ta koma ba. In jijiyar ƙwauri ta ɗaure miki da dare, miƙe ƙafar ki jawo yatsun wajenki, za ta saki.

Kar ki sayi diclofenac ko ibuprofen a kemis don zugi, ba su dace da cikin da ya kai naki ba. Paracetamol ma ki ji ta bakin ungozoma tukun. Masu tallan magani a mota da ke cewa nasu yana tsotse ruwan jiki, ki bar musu kayansu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. A cikina na uku, wajen wata takwas, kumburin ya daina saɓewa da safe. Zobena ya ƙi fita, fuskata ta cika har masu sayen waakye suna cewa ciki ya karɓe ni, tsofaffin gidanmu kuma suka ce ai namiji ne. Na ji daɗin maganar, na tsallake awo guda saboda ciniki. Sai ciwon kai ya kama ni kwana biyu, ina ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idona, ga wani ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama da na ɗauka ƙwannafi ne. Maƙwabciyata ce ta tsaya kaina sai da na je asibitin unguwa. Da aka ɗaura abin awon jini, 160 bisa 110 ya nuna. Aka gwada fitsari, aka rubuta mini takarda zuwa babban asibitin Komfo Anokye a ranar. Hawan jinin masu ciki ne, wanda in an bar shi yake kai mace ga jijjiga. Kwana tara na yi a gado, aka jawo haihuwar kafin lokacinta. Mace na haifa, ga ta can tana aji biyar.

Don haka duk ranar awo ki tambayi nas lambar jininki, ki ga an rubuta a littafinki. Daga 140 bisa 90 zuwa sama ba abin wasa ba ne. In fuska ko hannu suka kumbura farat ɗaya, ko ciwon kai ya ƙi jin magani, ko gani ya dushe, kar ki jira ranar da aka ba ki, ko tsakar dare ne a tashi maigida. Haka in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura, ƙwaurin ya yi zafi yana ciwo, to kar kowa ya matsa miki ita, ana tsoron gudan jini ne, asibiti za ki nufa. Kuɗi kar ya tsayar da ke, tun 2008 masu ciki ke yin rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta.

Bayan haihuwa kumburin yakan ɗan ƙaru kwanakin farko, sannan ya sauka cikin mako ɗaya ko biyu. Hawan jinin yana iya tasowa ko bayan an sauka, shi ya sa ko ana tsakiyar hidimar suna in kanki ya sara ki faɗa.

Yaushe ne awonki na gaba, kuma nawa jininki ya nuna a na baya? Ki duba littafin ki gaya mana.