Na ba da kafin alƙalami a kan tsohon injin saran ciyawa, sai ga ƙanwar mai sayarwa ta fito

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni mutum ne mai sha'awar tsofaffin injinan saran ciyawar dabbobi, irin masu tafiya da kansu ba sai tarakta ta ja su ba. Na shekara uku ina neman Fortschritt E 280 na farko-farko, har na samu guda a wata gona a gabashin Jamus. A tallar an rubuta cewa injinsa na asali ne kuma yana tashi. Mai sayarwar ya ce na mahaifinsa ne da ya rasu. Na tura masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ya aiko mini da takarda mai layi huɗu, a ƙasanta an rubuta cewa an sayar da shi yadda yake, babu garanti. Yanzu wata mata ta rubuto mini cewa ita ƙanwarsa ce, kuma ba da yawunta aka yi cinikin ba. Da na ƙara duba hotunan, sai na ga babu ɗan farantin ƙarfen nan mai ɗauke da lambar jikin injin. Bayan wannan, ina da wani tsohon injin saran ciyawa ƙirar Claas Jaguar a wurin bakanike, ya ce ba zai sake shi ba sai na biya kuɗin da ya ninka wanda muka yi magana. Ina mafita?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka ƙara tura ko sisi. Kada kuma ka aika mota ta ɗauko injin da sunan ai ka riga ka biya wani abu. Wasiƙar matar nan ta sauya matsayinka a gaban doka, ko da a ƙarshe ta tabbata ba ta da gaskiya.

Bari mu fara da dokar da za ta yi hukunci. Idan ba ku zaɓi dokar wata ƙasa a takardarku ba, kuma na tabbata layi huɗu bai ɗauki wannan ba, to kotunan Tarayyar Turai suna bin ƙa'idar da ake kira Rome I, wadda ta ce cinikin kaya yana ƙarƙashin dokar ƙasar da mai sayarwa yake zaune. Ke nan dokar Jamus ce. Akwai yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, kuma Jamus na cikinta, amma sashe na 2 ya cire kayan da mutum ya saya don amfanin kansa, ya kuma cire na gwanjo. Kai da ka saya don sha'awa, da wuya ta rufe ka.

To a dokar Jamus, idan mutum ya rasu ya bar magada fiye da ɗaya, dukiyar tasu ce a haɗe har sai an raba. Sashe na 2040 na kundin dokar farar hula, wato BGB, ya ce ba wanda zai fitar da wani abu daga cikin gadon sai dukkansu sun yarda. Saboda haka idan matar nan magajiya ce kuma ba a yi rabo ba, yayanta ba zai iya mallaka maka injin shi kaɗai ba, ko da shi ne yake zaune a gonar, ko da shi ne yake zuba masa mai shekara da shekaru. Akwai sashe na 932 da yake kare mai saye da zuciya ɗaya, wanda bai san kayan ba na mai sayarwa ba ne. Amma ana duba zuciyar ce a lokacin da aka miƙa maka kayan, ba lokacin da ka biya kafin alƙalami ba. Kai kuwa kayan ba su zo hannunka ba, sai ga gargaɗi a rubuce. Wannan ƙofar ta rufe.

Abin yi shi ne ka rubuta wa mai sayarwar, ka nemi takardar kotu da ke nuna su wane ne magada, wadda suke kira Erbschein, ko wasiyyar da aka buɗe a kotu, tare da sa hannun kowane magaji a kan cinikin. Ka ba shi wa'adi mai ma'ana, ka sa rana takamaimiya, kamar mako uku. Idan wa'adin ya wuce bai kawo ba, sashe na 323 ya ba ka damar janyewa daga cinikin ka nemi kuɗinka. Ita kuma matar ka amsa mata cikin ladabi, ka ce ka dakata har sai sun daidaita. Kada ka shiga rigimarsu, kada ka nuna kana bayan wani. Sau da yawa irin wannan ƙorafi ba a kan injin yake ba, a kan inda kuɗin zai shiga ne, kuma da zarar an yarda a zuba shi a asusun gadon sai kowa ya sa hannu.

Batun farantin lamba ya fi damuna fiye da yadda ya dame ka. Waɗannan injinan na Jamus ta Gabas ne, kuma a wancan zamani da yawa daga cikinsu mallakar manyan gonakin haɗin gwiwa ne da ake kira LPG. Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka rushe wasu gonakin, aka sauya fasalin wasu, injina suka yi ta sauya hannu, wani da rasit, wani da musafaha kawai. Rashin tsohuwar takarda ba abin tashin hankali ba ne, domin sashe na 937 ya ce wanda ya riƙe abu a matsayin nasa shekara 10 da zuciya ɗaya ya zama nasa. Mai yiwuwa wannan ya riga ya wanke mahaifin. Amma faranti daban ne. Tsatsa tana iya cinye ƙusoshin ya faɗi, kuma mutum yana iya ɓamɓare shi da gangan. Ka sa wani ya je da tocila ya duba wurin: ramukan ƙusa masu tsatsa iri ɗaya da sauran jikin suna ba da labari ɗaya, sabon karce ko fenti a daidai wurin yana ba da wani. A nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi da ta jikin injin, a ɗauki hotonsu, a rubuta su a takardar ciniki. Sashe na 935 ya ce kayan sata ba sa zama na mai saye komai kyawun niyyarsa. Sannan a Jamus ana iya jinginar da injin ga banki ya ci gaba da zama a gona, kuma babu rajistar da za ka je ka duba, saɓanin Amurka inda ake shigar da irin wannan jingina a rajistar jiha. Don haka ka sa magadan su rubuta cewa babu bashi ko haƙƙin wani a kansa.

Yanzu maganar "yadda yake, babu garanti". Mutane suna ɗauka wannan jimla tana shafe komai. Ba haka ba ne. Tana kare mai sayarwa daga lalacewar da bai sani ba, irin su boris da ya gaji ko lagireto mai yoyo, kuma gaskiya wanda ya sayi ƙarfen da ya kai shekara 50 bai kamata ya yi kukan waɗannan ba. Amma sashe na 444 ya hana shi fakewa da ita idan ya ɓoye aibi da gangan ko ya ɗauki alkawarin wata siffa. Kotunan Jamus kuma suna ganin cewa siffar da aka amince a kanta a cikin ciniki ba ta shiga cikin abin da aka yafe. Matsalarka ita ce "injin asali, yana tashi" a talla yake, ba a takardarku ba. Ka adana hoton tallar yau ɗin nan kafin a sauke ta. Tunda dole a sake rubuta takarda saboda magada, ka yi amfani da damar ka shigar da kalmomin a ciki. Ka kuma fayyace ma'anar "yana tashi": ya tashi da sanyinsa, gangar wuƙaƙe ta juya, giya ta shiga gaba da baya. A wurin mai tara irin waɗannan, injin asali shi ne rabin darajar, don haka kada ka bar shi a baki. Sauran kuɗin kuma ya zauna a hannun amintaccen mai shiga tsakani har sai an loda.

Kan jigila zan taƙaita. Kada ka yarda da sharaɗin ciniki na EXW, wato ka ɗauki kayan da kanka daga wurin mai sayarwa, domin yana ɗora maka lodi da takardun fitarwa a ƙasar da ba ka ciki, sharaɗin FCA, inda mai sayarwa ke yin takardun fitarwa ya miƙa kayan ga mai jigila, ya fi maka sauƙi. A kwastan injin yana ƙarƙashin lamba 8433. A wanke shi tas, ƙasa da busasshiyar ciyawar da ta maƙale a maƙogwaronsa suna iya sa a tsare shi a tashar jiragen ruwa, katakon da za a tokare shi da shi kuma ya kasance mai hatimin ISPM 15, wato shaidar cewa an kashe ƙwarin da ke cikinsa. Tsofaffin birki da kuloci sukan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai illa ga huhu, kuma akwai ƙasashe irin su Ostareliya da suka haramta shigo da shi kwata-kwata. Ka tambayi kwastan ɗin ƙasarka kafin a loda, ba bayan an sauke ba.

Sai bakanike. Ba ka faɗi ƙasar da garejin yake ba, amma kusan ko'ina doka tana ba mai gyara damar riƙe abin da ya gyara har a biya shi. A Ingila tsohon haƙƙi ne da kotuna suka daɗe da amincewa da shi, a Jamus yana sashe na 647. Kada ka je da dare ko da ƙarfi ka fitar da shi, za ka mai da rigimar kuɗi ta zama ta 'yan sanda. Amma riƙon na kuɗin da ya cancanta ne, ba na duk abin da ya ga dama ba. Ka nemi lissafi dalla-dalla: awa nawa, wane kaya, daga ina. Ka tambaye shi yaushe ya sanar da kai cewa aikin zai zarce ƙiyasin farko, domin mai gyaran da ya ga kuɗi zai haura sosai ya kamata ya tsaya ya faɗa. Zan yi masa adalci a nan: Jaguar na farko ya fito a 1973, kuma a irin wannan ƙarfe sai an kwance ake sanin abin da ke ciki, wani kayan ma sai an kai wa maƙeri ya ƙera. Idan ka ga wani ɓangare na lissafin gaskiya ne, ka biya shi, sauran ka rubuta cewa kana jayayya, ko ka biya duka tare da rubuta cewa ba ka yafe haƙƙin neman rarar ba. Ka kuma karɓi tsofaffin kayan da ya cire. Naka ne, kuma su ne samfurin da za a auna idan za a ƙera wani nan gaba.

Tunda maganar ƙira ta zo: haƙƙin ƙirƙira, wato patent, yana ƙarewa bayan shekara 20, don haka ƙera wuƙa ko giyar injin shekarun 1970 ba laifi ba ne. Tambarin kamfani kuwa ba ya mutuwa muddin ana sabunta shi. Ka ƙera don injinka, amma idan za ka sayar wa abokan sha'awa, kada ka buga sunan kamfanin a jiki kamar daga wurinsu ya fito.

Ranar da za ka tayar da shi gaban jama'a ko ka ɗora ma'aikaci a kai, tsufan injin ba zai zama uzuri ba idan wani ya ji rauni. Gangar wuƙaƙen tana ci gaba da juyawa bayan an kashe, kuma murfin kariyar da aka cire shekarun baya don sauƙaƙa gyara sai an mayar da shi. Ka yi inshorar raunin wasu, ka karanta ko ta haɗa da nuni da aiki ko ajiya kawai ta rufe.

Wasiƙar wa'adin nan gara lauya mai lasisi a Jamus ya rubuta ta da Jamusanci. Ka haɗa masa takardar layi huɗun, shaidar tura kuɗi, hoton tallar, da saƙon matar yadda ya zo, har da kwanan watansa.