Sirrin masu karatu idan kamfani ya shigo ɗakin karatu

Tambaya: Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a wata kwalejin ilimi. Za mu ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai samar da littattafan intanet, ya kuma buƙaci sunayen ɗalibanmu da lambobin wayarsu da adireshinsu na imel. Shin ya dace mu ba shi?

Amsa: Malama, kada ku miƙa komai sai kamfanin ya bayyana a rubuce amfanin da zai yi da kowane bayani. Abin da ɗalibi ke karantawa amana ce a hannunku, domin mai neman littafi kan cutar ƙanjamau ko kan mutuwar aure ba ya so a sani, kuma amanar ba ta sauka daga wuyanku don kun ba wani ajiyar bayanan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa wanda ya tattara bayanai alhakin ɗaure mai sarrafa su a madadinsa da rubutacciyar yarjejeniya, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane.

Girman kamfani ba ya zama lamuni. A shekarar 2014 aka gano cewa manhajar Adobe Digital Editions, wadda masu aron littattafan intanet ke amfani da ita, tana aika wa kamfanin Adobe sunayen littattafai da shafukan da aka karanta ba tare da an kulle saƙon ba. A 2019 kuma, da kamfanin LinkedIn ya nemi masu katin ɗakin karatu su buɗe asusu a shafinsa kafin su shiga darussan Lynda.com, dandalinsa na koyarwa ta intanet, Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta fito fili ta ƙi amincewa.

A ganina, abin da kamfanin ke bukata shi ne tabbacin cewa mai shiga ɗalibinku ne, kuma ana iya samun wannan ta layin intanet na kwaleji ko ta wata lamba da ku kaɗai kuka san mai ita, ba sai an ba da suna ba. Ku sa a cikin yarjejeniyar cewa ba za a sayar da bayanan ba ko a yi talla da su, cewa za a goge tarihin karatu bayan ƙayyadadden lokaci, sauran kuma ranar da kwangila ta ƙare, sannan ku tambayi ƙasar da ake ajiye su da kamfanonin da ke ganinsu. Idan ya ƙi sa hannu, ku rubuta wa shugabannin kwaleji dalilin da ya sa kuke ba da shawarar a nemi wani.