Ga 'yar uwar da ta tambaya ko kewar gida tana wucewa

Salamu alaikum 'yar uwa. Na ga kin ce maigidanki ya samu aiki a Ingila za ku koma da yara, kina tambaya ko kewar gida tana wucewa in an daɗe. To ni shekarata 12 a Manchester, daga Kano na zo.

Abin da kowa zai fara ba ki labari shi ne sanyi da duhu, a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, sai ki ji ƙirjinki ya yi nauyi ba ki san dalili ba. Ga shiru, ba maƙociyar da za ta leƙo ta ce kun tashi lafiya, kiran sallah ma sai a waya za ki ji. Ranar sallah ba hutu, a sauko daga idi maigida ya wuce aiki. Duk wannan wallahi ana sabawa, har azumin 2016 da muka riƙa kai kusan awa 19 mun saba.

Wanda ba a sabawa da shi shi ne mutuwa. A watan Afrilun 2020, lokacin korona da aka yi ta rasa dattawa a Kano, Babanmu ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. An rufe filayen jirgin sama a Najeriya, sai Satumba aka buɗe wa jiragen ƙasashen waje, to ko da an bar hanya ma ina zan same shi? Ƙanena ne ya riƙe min waya a WhatsApp ina kallo aka fito da makara daga zauren gidanmu, ni kuma ina tsaye a kicin yara suna jiran abin kari. Zaman makoki ni kaɗai na yi shi a falo, mutum huɗu suka yi min gaisuwa daga bakin ƙofa. Har yau in waya ta yi ƙara da dare na ga lambar gida sai gabana ya faɗi.

Sai kuma yara. Babbar 'yata tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, in Hajiya ta kira daga gaisuwa sai shiru, kowa na kallon kowa. Wannan yana ci min rai fiye da yadda zan iya faɗa.

In kin je gida kuma za ki tarar an yi bukukuwa an yi sunaye babu ke, yaran da aka haifa ba su san ki ba, ana yi miki shimfiɗa kamar baƙuwa ana cewa 'yan Turai sun zo. Bayan sati uku sai ki ji kina kewar ɗakinki na can, ki rasa wa za ki gaya wa.

Ban ce kar ki je ba, ki je, akwai alheri. Amma ki nemi Hausawa tun satin farko ko da halinku bai zo ɗaya ba, ranar haihuwa ko rashin lafiya su ne danginki. A cikin gida ku yi ta Hausa da yara, mu mun yi sake. In damuwa ta hana ki barci ki ga likita, ba abin kunya ba ne, ki haɗa da addu'a. Kuɗin tikiti kuma ki riƙa ware shi duk wata kamar adashe, ki je ki ga su Mama tun suna raye. Ni shekara huɗu na yi ina cewa baɗi, Allah Ya jiƙan Baba.