Ƙanena, ga yadda mai gida ke tayar da ɗan haya a Faransa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Na ji ka gama a Jami'ar André Salifou kana neman ci gaba a Liyon. Allah ya sa biza ta fito, don tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024 abin ya koma sai an zagaya. Ka tambaya ko mai gida a nan yana iya tayar da kai ran da ya ga dama, kamar maƙwabcinku na Sabon Gari da aka ce ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata saboda ɗan mai gidan zai yi aure.

Ba ya iyawa, muddin sunanka na kan takardar haya. Dokar 6 ga Yuli 1989 ce ta ɗaure shi. Ɗakin da babu kaya, hayarsa shekara 3 ce, kuma sai wa'adin ya zo ƙarewa zai ce ka tashi, da sanarwar wata 6. Ɗaki mai gado da tebur da firji, irin wanda ɗalibai suka fi kamawa, shekara 1 ne, sanarwa wata 3. Dalili uku kawai aka yarda masa: zai sayar, ko zai shiga shi ko wani nasa na jiki kamar ɗa ko mahaifi, ko kuma kai ka yi laifi mai nauyi, irin jinkirin biya a kai a kai ko hana maƙwabta barci. Ka ga auren ɗan mai gida a nan ma hujja ne, sai dai dole ya jira lokaci, ya rubuta sunan mai shigowar.

Ni abin ya taɓa faɗa mini. Shekarata ta biyu na dawo daga aiki na tarar da ƴar takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, rubutun biro, wai in bar ɗakin nan da wata biyu. Daren nan ko shayi ban iya sha ba. Da safe na kai ta ofishin ADIL, inda ake ba da shawarar haya kyauta. Matar ta juya takardar gaba da baya, ta ce wannan ba sanarwa ba ce. Sai wasiƙar gidan waya wadda ake sa hannu kafin a karɓa, ko ta hannun ma'aikacin shari'a, ko hannu da hannu da shaidar karɓa. Haka hayata ta sabunta kanta shekara guda, ni da tsohuwar mai gidan muna gaisawa a matakala kamar ba a yi ba.

Ka lura da hayar ɗalibi ta wata 9. Ita ba ta sabuntuwa, ranar ƙarshe ta zo shi ke nan, ba sanarwa.

Rashin biya kuwa yana iya yanke haya a tsakiya. Za a kawo maka takardar gargaɗi, mako 6 ka biya, in ba haka ba sai gaban alƙali. Ko alƙali ya yanke, ba a fitar da mutum daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi, amma bashin yana nan yana hawa. Mai gidan da ya canza makulli ya fitar da kai da kansa yana iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 30,000.

Inda namu ke faɗawa rami shi ne zaman "zo ka raɓa". Wani ɗan ƙasarmu zai ba ka ɗakin da yake haya kana biyansa a hannu, ba da sanin mai gida ba. Ran da aka tayar da shi kai ma ka tashi, ba ka da ko rasit ɗaya da za ka nuna. Kafin ka aika wa kowa ko dala, turo mini hoton takardar ta WhatsApp in karanta. A gaida Inna, ka ce mata kilishin ya iso.