Me Isra'ilawa suke nema a wurin Ba'al bayan duk abin da Allah ya yi musu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina karanta Littafin Mahukunta ne abin ya ɗaure min kai, mutanen nan Allah ya raba musu teku, ya ciyar da su da manna shekara 40 a jeji, amma da sun ɗan samu sauƙi sai su koma wa gumaka. Wai me suke nema a can? Kuma me ya hana Allah ya rabu da su gaba ɗaya?

Amsa: Yawwa 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Da farko dai ki lura, waɗanda suka ƙetare teku ba su ne na Littafin Mahukunta ba, sura 2 ta ce bayan Joshuwa wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba balle ayyukansa. Labari suka ji, shi ma ba a ba su shi yadda ya kamata ba.

Abin da suke nema kuwa, ruwan sama ne. A Masar Kogin Nilu na nan, mutum ya ja ruwa zuwa gonarsa kamar mai lambu, amma Kan'ana, ƙasar da suka shiga, ƙasar tuddai ce da kwaruruka, in ruwan farko bai sauka wajen Oktoba ba, na ƙarshe kuma wajen Maris ko Afrilu, toh shekarar ta tafi. Su Kan'aniyawa kuma sun ce Ba'al ne mai hadari da tsawa, allunan da aka tono a Ugarit cikin Siriya tun 1929 har kirari suke masa da mai hawan gajimare. To ki ɗauka mutumin da iyayensa kiwo suka yi a jeji, yau ya fara noma, maƙwabcinsa da ya gaji gonar tun kaka da kakanni yana ce masa a nan in ba ka kai wa Ba'al hadaya ba rumbunka ba zai ga hatsi ba. Duk wanda ruwa ya taɓa ɗauke masa sati uku bayan shuka, yana tsaye yana kallon ganyen gero na naɗewa, ya san irin tsoron da nake nufi. Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shine yawancinsu ba cewa suka yi sun bar Ubangiji ba, haɗawa suka yi, shi ya riƙe yaƙi, Ba'al ya riƙe gona. Shi ya sa a Dutsen Karmel Iliya ya tambaye su har yaushe za su yi ta raba hankali biyu, a gaban annabawan Ba'al 450, bayan fari na shekara uku da rabi, wato daidai inda ake cewa Ba'al ya fi ƙarfi nan aka kama shi.

Maganar rabuwa da su kuma, kar ki ɗauka ba a hukunta su ba. Assuriya ta cinye Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta rushe Urushalima da Haikali a 586, ta kwashe mutanen zuwa ƙasarta. Amma alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim da kansa ya rantse, ba da halinsu ba. Annabi Yusha'u ne ya fi nuna wannan, an umarce shi ya je ya sake ƙaunar matar da ta ci amanarsa, har sai da ya biya azurfa 15 da sha'ir ya dawo da ita gida, kuma a sura 2 Allah yana cewa Isra'ila ba ta ma san shi ne yake ba ta hatsi da ruwan inabi da mai ba, kayan da take kwasa tana kai wa Ba'al. Wato duk shekarun nan da suke godiya ga gunki, shi ne ke cika musu rumbu bai fasa ba. Kuma a 538 Sairus Sarkin Farisa ya ba su izini suka koma suka sake gina Haikalin.