Filin Tambaya da Amsa: Da Me Ake Auna Jawabi Kan Bautar Zamani da Danne Haƙƙin Mata?

Wasiƙun wannan karo sun haɗu a kan abu ɗaya, wato yadda mai sauraro zai rarrabe jawabi mai nauyi da romon baka idan ana maganar bautar zamani da halin da mata ke ciki. Masu alƙalancin gasar muhawara da masana doka na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An sa ni cikin alƙalan gasar jawabi ta ɗalibai, batun kuma shi ne bautar zamani da yadda ta fi cin mata. Wata ɗaliba ta ba da labarin yarinyar da aka kai aikatau har mutane suka yi ta share hawaye. Wani ɗalibi kuma ya jero alƙaluma, ba wanda ya tafa masa. Wa ya fi cancanta, kuma yaya ake raba maki? (Daga wata malamar sakandare, Tudun Wada, Gombe)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yadda kika kwatanta su, kowa rabin kaya ya ɗauko. Tun zamanin Aristotle na ƙasar Girka aka lura cewa jawabin jan hankali a kan duwatsu uku yake zaune kamar tukunya a murhu: amincin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da hujja. Hawayen da kika gani shaida ce cewa dutse ɗaya ya zauna. Sauran biyun sai kin duba da kanki.

Ga rabon da muke ba da shawara, a kan maki 100. Ki ware 15 don ma'anar kalmomi, ki fara da shi, domin a nan yawancin ɗalibai ke zamewa ba su sani ba. Me ɗalibin yake nufi da "bauta"? Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta 1930 ta ce aikin tilas shi ne duk aikin da aka sa mutum da barazanar hukunci, alhali ba shi ya miƙa kansa da son ransa ba. Safarar mutane kuwa, a yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000, sai abu uku sun cika: abin da aka aikata (ɗauko mutum, kai shi wani wuri, ɓoye shi ko karɓarsa), hanyar da aka bi (yaudara, tilas, barazana), da manufa, wato a ci da guminsa ko jikinsa. In yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a buƙatar na tsakiyan. Ko da daɗin rai ya bi dillali, safara ce. Ɗalibin da ya san wannan ya ci 15 ɗinsa. Wanda ya kira talauci bauta, ya kira aure bauta, ya kira ƙarancin albashi bauta, ya narkar da kalmar har ba ta da sauran ɗanɗano.

Hujja ita ce mai kaso mafi tsoka, maki 30. Duk adadin da ya fito daga bakin ɗalibi, ki ja layi uku a takardarki: wa ya faɗa, wace shekara, a kan wace ƙasa. In ya cika ukun, cikakken maki. In "masana sun ce" ko "bincike ya nuna" kawai kika ji, babu komai. Shi ma labari hujja ne, amma da sharaɗi. Labarin yarinyar nan, ya nuna wa ya ɗauko ta daga ƙauye? Wa ke karɓar kuɗin aikinta a ƙarshen wata, ita ko dillaliya? In ta ce za ta koma gida, ana barin ta? Labarin da ya amsa waɗannan ya koya wa zauren yadda tarkon ke aiki. Wanda ya tsaya a kan duka da yunwa da kuka, tausayi ya tara, kuma tausayi ba ya kwana biyu.

Tsari maki 15. Wani malamin jami'a a Amurka, Alan Monroe, ya shimfiɗa matakai biyar da har yau ake koyarwa: kama hankali, nuna matsala, kawo mafita, nuna yadda rayuwa za ta kasance in an bi mafitar, sannan kira ga aiki. A jawabin minti 7, buɗewa kada ta wuce minti 1, matsala ta ci 2, mafita 2, sauran biyun su raba abin da ya rage. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya ƙone minti 6 yana zayyana ɓarna, ƙararrawa ta kaɗa, ya rufe da "gwamnati ta yi wani abu".

Wannan ne ya sa muke ware wa kira ga aiki nasa 15 daban. Wane ne zai yi, me zai yi, yaushe? "Duk wanda aka yi wa 'yarsa tayin aiki a waje, ya nemi ganin takardar yarjejeniya da lasisin ejan kafin a karɓi fasfonta, in ya ga alamar rufa-rufa ya sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya": wannan kira ne da mutum zai iya tashi da shi. Wasu 15 ɗin na amsa wa mai ja ne, wato ko ɗalibin ya hango abin da za a ce masa ya tare shi tun kafin a faɗa. Murya, tsayuwa da kallon jama'a su raba 10 ɗin ƙarshe. Da gangan muka rage musu, domin su ne ke sace hankalin alƙali ko bai so ba.

Wata dabara ta aiki: ku zama alƙalai uku, kowa ya rubuta makinsa kafin ya dubi na kusa da shi. In tazarar biyu ta haura maki 15, sai a zauna a ji dalili.

TAMBAYA: A wani taro na ji mai jawabi ya ce mutum miliyan 50 ne ke cikin bauta a duniya, kashi 71 cikin 100 mata ne, kuma tunda aka kafa duniya ba a taɓa samun bayi kamar yau ba. Na rubuta, ina so in sa a nawa jawabin. Daidai ne? (Daga wani ɗalibi, Azare)

AMSA: Madalla da ka tambaya kafin ka hau dandamali, ɗanmu. Mai jawabin naka ya ɗinke riga da yadi biyu mabambanta. Miliyan 50 ɗin daga rahoton da ILO da ƙungiyar Walk Free da hukumar ƙaura ta duniya IOM suka fitar a 2022 ne, kuma ƙiyasin shekarar 2021 ne: kusan miliyan 28 cikin aikin tilas, miliyan 22 cikin auren dole. Kashi 71 ɗin kuwa na tsohon rahoto ne, wanda ya ƙiyasta mutum miliyan 40.3 a 2016. A sabon, mata da 'yan mata wajen kashi 54 ne.

Kada ka ɗauka wannan ya raunana batunka. Ƙara masa kaifi ya yi, in ka iya tsaga adadin. A aikin tilas gaba ɗaya maza sun fi yawa, a gine-gine da gonaki da jiragen kamun kifi. A auren dole kuwa fiye da biyu cikin uku mata ne, a tilasta karuwanci kuma kusan huɗu cikin biyar mata ne da 'yan mata. Ka ga ke nan inda bambancin jinsi yake cizo: a ɗakin aure, a bayan ƙofar gidan aikatau, da jikin mace. Mai cewa "mata ne kawai" abokin hamayya zai kayar da shi da jumla ɗaya.

Ka kuma riƙa cewa "an ƙiyasta". Ba a bi gida gida an ƙirga bayi ba; tambayoyi aka yi wa wasu dubban mutane a ƙasashe da dama, aka faɗaɗa lissafin. Haka ma adadin Najeriya, mutum miliyan 1.6 a jadawalin Walk Free na 2023, wato kusan 8 cikin kowane 1,000. Zancen "ba a taɓa yi ba" kuma ka ajiye shi. Cinikin bayi ta tekun Atlantika ya kwashe wajen mutum miliyan 12.5 daga Afirka, ana saye ana sayarwa doka na kallo, a duniyar da yawan mutanenta bai kai ko kusa da na yau ba. Ma'aunin biyu ba ɗaya ba ne.

TAMBAYA: Wata mai jawabi ta ce duk matar da ta ajiye 'yar aiki a gidanta baiwa ta ajiye. Ni ina da yarinya tana taya ni aiki, maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya ta faɗa? (Daga wata Hajiya, Wunti, Bauchi)

AMSA: Hajiya, kalmar "duk" ita ta karya mata jawabi, kuma ita ce ta fi kowace kalma kayar da masu magana a wannan fage. Ta yi wa kowa kuɗin goro, mai laifi ya samu wurin ɓuya cikin marasa laifi. Sai dai kada kuskurenta ya hana ki duba abin da take nufi, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

ILO tana da alamomi 11 na gane aikin tilas. Waɗanda suka fi fitowa a gidajenmu su ne riƙe lada, hana fita ko magana da dangi, bashin da ba ya ƙarewa, duka ko barazana, da aiki daga asuba har dare ba ranar hutu. Ki tambayi kanki shekarun yarinyar nawa, ko tana zuwa boko ko islamiyya, kuɗin a hannun wa yake faɗawa. In dillaliya ce ke zuwa ta karɓe, ita yarinyar ba ta ma san nawa ne ba, to an shiga gonar dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki na 1999 ma ya haramta bautarwa da aikin tilas. Da mai jawabin ta jero waɗannan tambayoyi maimakon zargi, da kowace uwar gida ta koma tana lissafi da kanta, ba tana huci ba.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta matasa ta gayyato baƙo ya yi jawabi kan daidaiton mata da maza. Kafin ya kai rabi dattawa sun karkaɗe riguna sun fice. Laifinsa ne ko nasu? (Daga wani Malam, Kumo)

AMSA: Malam, ficewar mutane ba ta nuna maganar ƙarya ce, amma tana nuna jan hankalin bai yi ba, kuma shi aka gayyato shi ya yi. Abin dubawa shi ne da wace kalma ya buɗe baki. "Daidaito" haka tsurarta, kunnen dattijo ji yake an zo rushe masa gida da addini, sai ya toshe. Gwanin magana sunan abu yake kira: yarinyar da aka cire daga aji uku, gadon da 'yan'uwa maza suka zauna a kai shekara goma, sadakin da bai isa hannun amarya ba, matar da aka saka da goyo babu ciyarwa.

Sannan daga ina ya ɗebo hujja? Wanda ya tsaya a gaban dattawan Kumo da takardun Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai ya bar makaminsa a gida. A Sahihul Bukhari akwai hadisin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. Akwai kuma hadisin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ciki har da wanda ya sayar da ɗa, wato mai 'yanci, ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi lada. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis, wato matan da ta horar su zama malamai, ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Dole kuma ya shirya wa tambayar ijbari, wato ikon uba na aurar da 'yarsa budurwa ba tare da neman yardarta ba, domin ba za a rasa mai karatun Malikiyya a zauren ba. In ya yi kamar bai san uba yana da wannan magana a fiƙihu ba, amincinsa ya zube nan take. Amsar tana wajen malaman kansu, da suka ɗaure shi da maslahar yarinya da rashin cutar da ita.

Misali ma na kusa ya fi shiga. Hadijatou Mani ta Jamhuriyar Nijar tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato baiwar da mai gida ke ajiyewa a matsayin mace ta biyar bayan matan aure huɗu, a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasarta da laifin ƙin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Wannan ya faru ne a maƙwabta, cikin masu jin Hausa, ba wanda zai ce labarin Turawa ne.

TAMBAYA: Ya dace a kawo wadda abin ya shafa gaban taro ta yi bayani da bakinta? (Daga wata mai karatu, Bajoga)

AMSA: In babba ce, ta yarda bayan an gaya mata wa zai halarta da ko za a ɗauki bidiyo, kuma tana da ikon fasawa ko da an kira sunanta, babu laifi. Yarinya ƙarama kuwa a'a, ko da iyayenta sun amince. Bidiyon zai yi ta yawo a WhatsApp da TikTok har ranar da za a zo neman aurenta, dillalin da ya kai ta ma zai gani ya san inda take. A sauya suna, a ɓoye unguwa, wani ya karanta labarin a madadinta. A takardar alƙali kuwa, mai jawabin da ya nuna fuskar yarinya ko ya ambaci gidansu, a zare masa maki 10 daga jimla.