Ga ƙanena mai son karatun halittun teku

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a Dutse, in nemo maka gurbi a nan Faransa ka yi irin karatuna, har Baba ya yarda a jinginar da gonar fadama. Kar ka kuskura.

A gida in an ce wane yana aikin teku, sai a ɗauka kullum ina cikin jirgi da manyan kifaye. Ina! Siliyet nake bi, halitta mai ƙwaya ɗaya tal da gashi-gashi a jiki, yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. A ɗebo ruwa a gaɓar Bahar Rum, a ɗiga masa aidin, a bar shi ya kwana ya kwanta, sannan ka duƙufa kan maikiroskof kana ƙirga su ɗai-ɗai har wuya ya ƙage. Hunturu guda na yi ina wannan ƙirge, takarda ta fito da sunan maigidana na wurin aiki a sama, nawa yana can ƙasa wajen godiya. Haƙuri na yi, yau ni ke koya wa ɗalibai tantance su.

Aikin dai yana da daɗinsa. A 1934 wani Barashe, Gause, ya haɗa jinsi biyu na siliyet kan abinci ɗaya, ɗaya ya ƙarar da ɗayan. To me ya sa a bakin teku ake samun jinsi barkatai a kwalba guda? Ka san raƙumi da akuya da saniya suna kiwo a daji ɗaya, kowa da inda bakinsa ke kaiwa. Masu kwanso, tintinid, faɗin bakin kwanson ke yanke girman abin da za su haɗiya. Wasu su kwanta a laka sai yanayi ya juya. Wani jinsin, Mesodinium rubrum, kuwa ɓarawo ne: ya haɗiye gansakuka, ya riƙe sashenta mai sarrafa hasken rana yana ci da shi, in ya yi yawa teku ta yi ja.

Ba sai ka zo teku ba, kai da ko kwalekwalen Haɗejiya ke sa ka jiri! Siliyet suna nan a tafkunan Haɗejiya zuwa Nguru, har cikin kachalar da ta toshe muku ruwa. Ɗebo, ka roƙi maikiroskof a sashenku, ka rubuta abin da ka gani. Da shi za mu nemi tallafin karatu na Tarayyar Turai, Erasmus Mundus, don kuɗin gonar nan haya kaɗai za ta lashe su. Ka fara koyon Faransanci, ka turo min sakamakonka. Baba kuma ni zan kira shi ranar Juma'a.